Albarkar Jirgin Ƙarƙashi

Da sunan Allah nake ɗora wannan babi a kan na bayansa. Ya shafi shekarar da yayanku Abba ya kwashe kayansa daga unguwarmu ta Highbridge ya koma bakin teku. Na san kuna da naku labarin na wannan shekara. Duk Sallah sai na jiyo wani cikinku yana ba yara shi da Turanci a kicin, ana ƙyaƙyata dariya, wai Baba ya sa albarka bai san abin da ya sa wa ba. Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne kuna fara labarin daga tsakiya, kuna tsayawa inda dariya ta ƙare, kuma kuna fitar da mahaifiyarku daga ciki, alhali rabinsa nata ne. Don haka zan jera muku shi daki-daki, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe.

A lokacin na daɗe da barin teburin da nake kasa turare da huluna a titi na 125. Ina da shagona a Tremont, ina sayar da shadda da atamfa da darduma. Burina shi ne Abba ya zauna a bayan kantar nan in na tsufa. Shi kuwa tun yana ƙarami hannunsa na ƙarfe ne, ba na yadi ba. Da ya gama sakandare ya koyi walda, ya yi shekaru yana ɗinke ƙofofi da matakalan ƙarfe na bayan gidaje. Ya auri Samira, 'yar mutanen Maraɗi, suna zaune a hawan da ke ƙasan namu, in mahaifiyarku Hajiya ta buga dugadugi a daɓe sun san abinci ya nuna. Ga wanda bai sani ba cikin jikoki, Abba ba shi ne sunansa na yanka ba. Sunan mahaifin Hajiya aka sa masa, shi ya sa ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba, mu ma muka bi ta.

Kun san dokar gidana. Hira kowa ya yi ta da harshen da ya ga dama, amma magana mai nauyi da Hausa ake yin ta a gabana. Aure, tafiya, aiki, rasuwa. Na kafa dokar ne don kada harshen ya mutu a bakinku, kuma har yau ban soke ta ba. Wata ranar Lahadi bayan la'asar Abba ya hawo, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya tattaro Hausarsa kamar mai tsince shinkafa.

"Baba, na samu aiki babba. Gyaran jirgi."

"Jirgi iri-iri ne. Wanne?"

Ya nemi kalma ya rasa. Sai ya nuna ƙasa da yatsa.

"Na ƙarƙashi. Sab."

To, ku faɗa mini. Mutum yana zaune a Bronx, kullum yana sauka rami ya shiga sabwe, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari, ɗansa ya nuna ƙasa ya ce jirgin ƙarƙashi, me zai fahimta? Mu Hausawa kalma ɗaya muka ba su duka, na sama jirgi, na ƙasa jirgi, na ruwa jirgi. Na ɗauka yaran zamani sun gutsure wa sabwe wutsiya ne kamar yadda suke gutsure komai. Na tambaye shi ko aikin gwamnati ne, ya ce kusan haka. Ya ce wurin yana arewa, sai sun tashi daga unguwa. Na ce a raina, ai dama can ƙarshen layi suke ajiye jiragen. Sannan na yi masa nasiha irin ta uba.

"Ka kiyayi ƙarfen nan na uku mai wutar lantarki. Shi ne yake kashe mutane."

Ya ɗago ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Ni na koya masa ba a yi wa uba gyara, ya kuwa riƙe karatun.

Ranar Juma'a na sayi goro da dabino. Bayan an sallame na miƙe a masallacinmu na Tremont, na sanar da jama'a cewa ɗana ya samu aikin gyaran jirgin ƙarƙashi, na dafa kansa na sa masa albarka da babbar murya, liman ya yi addu'a, aka shafa. Muna saka takalma a bakin ƙofa sai ga Malam Bashiru, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya yi furfura yana aikin layin sabwe. Ya rungume Abba.

"Kai, yaro, yanzu mun zama 'yan gida ɗaya! Wane yadin ajiye jirage suka kai ka?"

Abba ya amsa masa da Turanci. Bashiru ya sake tambaya. Na ga fuskarsa ta tsaya, sannan ta fashe. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin takalman mutane.

"Alaji! Ka raba goro a kan jirgin da ba ka sani ba! Yaronka ba ƙarƙashin ƙasa zai je ba, ƙarƙashin ruwa ne. Jirgin soja, wanda yake nutsewa kamar tarwaɗa. Kuma ba fetur yake sha ba, Alaji. Nukiliya!"

Na juya na dubi Abba. Ya buɗe hannuwa.

"Baba, ai na ce sab."

Nan kuke tsayawa in kuna ba da labarin. Ni daga nan nawa ya fara.

Maganar ta riga ni isa gida, ta bi ta ɓangaren mata. Na tarar da Hajiya a tsaye tsakiyar falo, ko mayafinta ba ta cire ba. Ku kun san ta da Damagaram, inda na aure ta, amma ba can aka haife ta ba. An haife ta a garin ma'adinai, can arewa da Agadas, inda ake haƙar yuraniyom, ma'adinin da ake yin nukiliya da shi. Mahaifinta yana cikin masu shiga rami. Takan ce yana dawowa gida da kayan aikinsa a jiki, mahaifiyarta ta karɓa ta kakkaɓe su a tsakar gida, su kuma yara suna wasa a wurin, a wanke kayan a bahon da ake yi musu wanka. Tukunyarsu ma da guntun ƙarfen da aka sayo daga bolar ma'aikata aka ƙera ta. Daga baya tari ya kama shi, ya rame, ya rasu bai yi furfura ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga abin da ya kashe shi. Ni ba likita ba ne, Allah ne masani. Amma ita ta yanke hukuncinta tun tana yarinya, kuma kalmar nukiliya a kunnenta sunan wannan tarin ne.

"Alhaji, ka janye."

"Albarka ba shadda ba ce, Hajiya, da za a maido ta shago don launi bai yi ba."

"Jirgin ƙasa ka sa wa. Wannan ba ka sa masa komai ba."

"Ban sa wa jirgi ba. Yaro na sa wa, a gaban jama'a, a ɗakin Allah."

"To ka koma ɗakin Allah ka ce ba ka ji da kyau ba. Kunya ce kawai. Ana warkewa daga kunya."

Sai ta rage murya, abin da ya fi mini ihu nauyi.

"Mai sunan yaron nan na ba rami shi sau ɗaya. Ba zan ba ruwa na biyu ba. Kuma yarinyar nan Samira ciki gare ta. Gidan da suka kama, ta taga ana hango inda ake buɗe cikin abin nan. Ta nuna mini a waya tana murna, wai iska mai daɗi."

Da magariba Abba ya hawo ya durƙusa tsakaninmu. Ya ce aikin nan shi ne irin wanda mai walda yake mafarki, don ɗinkin da ake yi wa jirgin da zai shiga ƙasan teku da mutane a ciki ba kowane hannu ake ba shi ba. Sannan ya ce in mun ce a'a, zai bari, ya dawo shago. Bai faɗa da fushi ba, kuma na san zai aikata. Ku lura da wannan: abin da na yi shekaru ina roƙo ne aka ajiye a gabana, kalma ɗaya kawai zan furta, in faranta wa matata, in samu magajin shago. Abin da ya hana ni shi ne, na sa albarka ban san abu ba, ban ga dalilin da zan janye ta ban san shi ba kuma. Jahilci sau ɗaya ya isa. Na ce a ba ni lokaci, zan je in gani da idona.

Na bar shago a hannun maƙwabcina, muka hau jirgin ƙasa na gaskiya ni da Abba, muka bi bakin teku zuwa arewa. Na yi tsammanin zan tarar da daji da waya mai ƙaya, ba kowa sai sojoji. Sai na tarar da gari. Gidajen katako farare, makarantar yara, mai sayar da soyayyen kifi, tsofaffi suna yawo da karnuka. A ƙetaren kogi, kusa yadda in ka yi kira da ƙarfi za a ji, ga ma'aikatar, ga wani baƙin abu kwance rabinsa a ruwa kamar bayan dorina. Wannan kusancin ya fi komai tayar mini da hankali. Ciki kuwa ba a bar ni na shiga ba, kuma ban yi musu ba, kowane gida da dokarsa.

Abba ya zaɓi ranar ne don akwai taron mutanen gari a ɗakin karatu, irin wanda ake yi lokaci-lokaci, jami'ai su zo su amsa tambaya. Turancina na ciniki ne, na kama rabi, ya cika mini rabi a kunne. Wata tsohuwar Baturiya mai sandar ƙarfe, da na ji ana ce mata malamar makaranta ce a da, ita ta fi kowa zafi. Ta ce jirgin da ke tsakiyar teku a rufe yake, ba ruwanta da shi, amma a nan ake buɗe shi, kuma a nan jikokinta suke iyo. Ta ce in jiniya ta yi kuka rana tsaka, yara suna makaranta, iyaye suna wurin aiki, gada kuma ɗaya ce, wa zai fara fita? Wani jami'i ya tashi ya yi bayani mai tsawo a kan yadda ake auna ruwa da iska da lakar kogi. Wani masunci ya ce ubansa a ma'aikatar nan ya ƙare aiki, ya mutu da haƙoransa a tsufa, a bar mutane su ci abinci. Tsohuwar ta ce masa ubansa ba shi ne gari ba. Aka yi hayaniya, aka lafa.

Da aka ce ko akwai sauran tambaya, na ɗaga hannu. Abba ya ja mini riga, na ture hannunsa. Na yi tambayar da Hausa, don magana ce mai nauyi, na ce ya fassara yadda na faɗa: kayan da ma'aikaci ya sa ya yi aiki kusa da abin, yana zuwa da su gida? Jami'in ya ce a'a, a can ake barin su, kuma kowane ma'aikaci yana rataye da wata 'yar na'ura da ke ƙirga abin da ya shiga jikinsa, ana kuma auna mutum kafin ya fita ƙofa. Na ce, in na'urar ta nuna abu, ana gaya wa mai jikin, ko ana rufewa? Ya ce ana gaya masa. Na zauna. A bakin ƙofa tsohuwar ta tare ni, ta tambayi Abba daga ina ubansa yake. Da ta ji, sai ta ce masa:

"Gaya masa amsarsu kullum tana da kyau. Ban taɓa kama su da ƙarya ba. Amma ban taɓa fashin zuwa ba, kuma ina jin abu biyun nan suna da dangantaka."

Na dawo gida na zaunar da Hajiya, na ba ta rahoto bi da bi. Na ce ban ga cikin wurin ba. Na ce garin yana kusa fiye da yadda nake so. Na ce kaya ba sa zuwa gida, ana auna mutum, ana gaya masa. Na ce mutanen wurin su ma suna tsoro, wasunsu, amma suna da ɗakin da suke kai tsoron, kuma dole a tashi tsaye a ba su amsa. Ban ce mata babu haɗari ba, don ban sani ba, kuma ban taɓa sayar mata da abin da ban auna ba.

"Wato abin da suka nuna maka ka gani."

"Shi na gani."

"Mahaifina ma an nuna masa."

"Amma ba a taɓa barinsa ya yi tambaya ba."

Sannan na gaya mata hukuncina: albarkar tana nan inda na ajiye ta, yaro zai tafi. Sharaɗi ɗaya na sa, su saki gidan bakin kogi su nemi wani a kan tudu, ta gefen gadar da ke fita gari. Samira ta yi kukan tagarta, amma suka bi.

Ranar da suka tashi Hajiya ta dafa musu dambun nama da yaji mai yawa, ta ɗaure, ta miƙa wa Samira. Abba ya durƙusa a gabanta yana jira. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma duk wanda ya san mahaifiyarku ya san abin da ta riƙe.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi sanyi a aurenmu. Ba ta taɓa fasa mini abinci ba, ba ta ɗaga mini murya ba. Sai dai ta ajiye kwano ta koma ɗaki, ni da na saba muna ci tana ba ni labarin unguwa. Hawan ƙasa wasu baƙi suka kama, wata rana ta manta ta buga dugadugi a daɓe, aka hawo ana yi mana faɗa da Sifaniyanci. Shagon kuma na gane ba mai gadonsa, daga baya na sayar wa wani yaro ɗan Tawa. Ban ce wannan bai yi mini zafi ba. Amma in Abba ya zo ƙarshen mako, na kan dubi yadda yake tafiya, kafaɗa a buɗe, irin tafiyar mutumin da ya san ana bukatar hannunsa, sai in ji zafin ya ragu.

Sai haihuwa ta zo. A al'ada haihuwar fari gida ake zuwa, amma gidan su Samira yana Maraɗi, mahaifiyarta kuma ba ta samu izinin shigowa ba. Hajiya ta ce a kawo Samira Highbridge ta yi mata wankan jego. Kafin a shirya, naƙuda ta riga lokaci, aka haifi 'yar mace ƙarama ƙwarai, likita ya ce ba tafiya. Na kashe waya na gaya mata. Ban roƙe ta ba. Ta tashi ta ɗauko babbar tukunya da kanwa da garin kunu, ta fara ɗaurewa.

"Ina za ki?"

"Wa zai yi mata wankan? Kai?"

Haka matar da ta rantse ba za ta taka garin ba ta je ta yi arba'in a cikinsa. Ni na zauna ina cin wake da shinkafa a shagon 'yan Gana, Bashiru yana tambayata kullum ko jirgina ya iso tasha. Samira ce ta riƙa ba ni labari a waya. Ta ce Mama ba ta yarda Abba ya taɓa jaririya sai ya yi wanka ya sake kaya, ko da ya rantse an auna shi. Ta ce ta sa an kai ta bakin kogi, ta tsaya ta daɗe tana kallon baƙin abin nan. Ta ce ta sa Abba ya bi da ita hanyar fita gari a mota, daga ƙofar gida har bayan gada, ta ce a sake. Da lokacin taro ya zagayo kuma ta sa babban mayafinta ta je, ta zauna a layin gaba kusa da tsohuwa mai sanda. Ba mai jin yaren wata, amma Samira ta ce in ɗaya ta yi tsaki ɗayar ma sai ta yi.

Saboda ƙanƙantar jaririyar, raɗa suna kawai aka yi ranar bakwai, taron aka ɗaga sai ranar fita arba'in. Muka cika mota daga Bronx, har da liman da Bashiru. Bayan an ci an sha, mutane sun fara neman takalma, sai Hajiya ta aiko a ce Abba ya zo, ni ma in zo, kuma a bar ƙofa a buɗe. Tana zaune a bakin gado da jaririya a cinya. Ya durƙusa. Ta ɗora hannunta a kansa, ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai karanta wa kurma.

"Allah ya yi maka albarka. Ya yi albarka ga aikinka na gyaran jirgin soja, na ƙarƙashin ruwa, mai nukiliya. Malam Bashiru, kana ji? Na faɗi daidai?"

Daga falo Bashiru ya ce, "Daidai, Hajiya, ba gyara!"

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Abba yana ƙasa yana kuka, ya kasa ɗagowa. Da ya ɗago sai ya ce, da Hausa, ba wanda ya tuna masa doka:

"Mama, kin daina tsoro ke nan?"

"Wa ya gaya maka? Albarka ce taka, na ba ka. Tsoron nawa ne, yana nan, kuma duk ranar taron gari zan kawo shi da kaina. Tashi ka nemo mini ɗaki a gidan nan."